Motar Babana Ba Gwangwan Ba Ce

Yau da faɗa na zo, kuma da mutane iri biyu zan yi shi. Na farko su ne waɗanda da zarar sun hango tsohuwar mota a kango sai su fara lissafin kilo nawa za ta yi a kan sikelin 'yan gwangwan. Na biyu su ne waɗanda ke ɗaukar tsohuwar mota su cika ta da bodifila, su watsa mata fenti mai ƙyalli, su liƙa mata sunan da ba nata ba, sannan su buɗe baki su ce wai sun gyara. A ganina ɓarna ɗaya suke yi, sai dai wancan da wutar yankan ƙarfe yake yin tasa, wannan kuma da gwangwanin fenti. Kada mai karatu ya ɗauka jita-jita ce na kwaso, domin a kan motar mahaifina na yi arba da su duka biyun.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ƙaramin ɗan kasuwa ne a Maraɗi. A farkon shekarun 1980 ya sayi wata 'yar mota a gwanjon wata ma'aikata, ƙirar Renault 4 mai akwati a baya, irin wadda mutanenmu ke kira katarel. Da ita yake kai burodi da fulawa da sukari ƙauyukan da ke kan hanyar Ɗan Isa, ranar kasuwa kuma ya dawo da gyaɗa da wake. Kuɗin makarantarmu daga cikin wannan akwati ya fito. A cikinta aka kai mahaifiyarmu asibiti daren da za ta haifi autanmu, a cikinta kuma aka ɗauko kayan ɗakin yayarmu. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100, duk wani kayan gyara da ke zuwa daga waje ya ninka kuɗi. Ba a daɗe ba motar ta samu matsala, tsoho ya tura ta bayan gida ya ce sai abubuwa sun yi sauƙi. Abubuwa ba su yi sauƙi ba har ya koma ga Mahaliccinsa, kaji kuma suka mai da ita akurki.

Ranar rabon gado, da aka zo kanta, babban wanmu ya ce a kira 'yan gwangwan su auna ta a raba kuɗin kowa ya huta. Na ce, "Yaya, a yi mata kuɗi a cire daga kasona, ni ina so." Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Kai dai boko ya gama da kai. Me za ka yi da akurkin kaji?" Ban ba shi amsa a ranar ba saboda girmansa da kuma zaman makoki. Wannan rubutu shi ne amsar, gare shi da duk masu irin ra'ayinsa.

Bari in fara da gaya wa wanda bai san motar ba ko wace ce ita. A shekarar 1961 kamfanin Renault na Faransa ya fito da Renault 4, domin ta kara da Citroën 2CV wadda ta riga ta kama zukatan manoma da ƙananan ma'aikata. Shugaban kamfanin na lokacin, Pierre Dreyfus, ya nemi a yi masa mota mai kama da wandon jins, wato wadda kowa zai iya shiga, a je gona da ita, a je ofis da ita. An ci gaba da ƙera ta har farkon shekarun 1990, an yi sama da miliyan 8, an kuma harhaɗa ta a ƙasashe da dama, ciki har da Maroko da Kolombiya da Sifen. Mai akwatin kaya ta biyo bayan ta shiga ba da jimawa ba, ita ce ruwan ɗorawar da ma'aikatan gidan waya na Faransa suka yi shekaru suna raba wasiƙu da ita. Wasu daga cikinsu suna da wani ɗan murfi a rufin baya wanda ake ɗagawa idan za a ɗauki tsani ko dogon katako, Faransawa suka sa masa sunan ɗan raƙumin dawa, domin kayan kan leƙo ta sama kamar wuyansa. A tsakiyar shekarun 1970 aka ƙaro doguwa, daga baya aka riƙa kiran gajeriyar F4, doguwar F6. An daina F6 a 1985, F4 kuma a 1988. Tayoyin gaba ne ke jan ta, noti 3 ne a kowace taya, sandar giyarta kuma daga cikin dashbod take fitowa kamar mariƙin laima.

Duk wannan daga baya na san shi. A lokacin da na sa aka jawo ta zuwa gareji ban san komai ba sai dai cewa motar babana ce, kuma saura ƙiris rashin sanin nan ya kashe ta.

Mai gyaran bodin da na fara kai wa saurayi ne mai hannu, ban raina aikinsa ba. Ya zagaya ta, ya tsuguna, ya ɗauko tef ya auna tsakanin tayar gaba da ta baya a ɓangaren hagu, ya zaga dama ya sake aunawa. Sai ya miƙe yana girgiza kai, ya ce, "Alhaji, motar nan ta taɓa yin mummunan haɗari. Shasinta ya karkace, dama ta fi hagu tsawo da kusan santimita 5. Sai mun yanke mun ja da sarƙa mun daidaita." Na kusa cewa bismillah. Abin da ya tsayar da ni kawai shi ne ban taɓa jin tsohonmu ya yi haɗari da ita ba. Na ce ya dakata. Aka yi mini kwatancen wani dattijon bakanike da ya yi zamaninsa a kan motocin Faransa, yanzu ido ya yi rauni ya bar aiki. Na ɗauko shi a babur. Da na faɗa masa abin da aka ce sai ya yi salati, ya ce, "Ɗana, da kun yanke ta da kun kashe lafiyayya. Haka aka haife ta." Ya sa aka ɗaga bayanta ya nuna mini. Motar ba ta da irin sifirin da muka sani. Wasu sandunan ƙarfe ne masu murɗewa ke riƙe da tayoyinta, na bayan kuma a gicciye suke kwance, ɗaya a gaban ɗaya, tun da ba za su iya zama wuri guda ba. Shi ya sa tayar baya ta dama take ɗan ja baya fiye da ta hagu, kuma kowace Renault 4 da ta fito daga masana'anta haka take. Ka ji fa, mai karatu. Garin gyaran gira mun tashi rasa ido.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Da aka zo kan inji sai wani ya kawo shawarar a jefar da tsohon, akwai wani ɗan gwanjo mai siisii 1108 da ya gani a kasuwar 'yan kayan mota, shi ma na Renault ne, ya fi ƙarfi, a ɗaura shi a wuce wurin. Dattijon nan ya yi murmushi ya ce a ɗaura ɗin, in dai ina son mota mai giya 4 ta baya da giya 1 ta gaba. Ashe injina iri biyu aka sa wa motar a tsawon rayuwarta. Akwai tsohon dangi da ake kira Billancourt, masu siisii 747 da 782 da 845, akwai kuma dangin Cléon masu 956 da 1108. Waɗannan dangogi biyu ba ɓangare ɗaya suke juyawa ba, don haka kowanne da irin giyabos ɗin da aka tsara masa. Wanda ya haɗa injin wannan da giyabos ɗin wancan, in ya sa giya ɗaya baya zai nufa. Ko ido ma na iya bambanta su: mai tsohon inji lagiretonta na kusa da injin, bel ne ke juya fankarsa, mai sabon kuwa lagireton na can gaba, fankarsa ta lantarki ce. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.

Daga ranar na rantse ba za a ƙara kwance ko noti ɗaya ba sai na san wace mota ce a gabana. Nan ne babbar maganata take. Gyaran tsohuwar mota da tantance asalinta yake farawa, kamar yadda likitan kirki ba ya yanka sai ya yi bincike. Ita wannan mota bodinta da noti aka ɗaure shi a kan shasi, ana iya ɗage shi gaba ɗaya a ɗora wani. Murfin inji da ƙofofi da fitilu kuwa kowa na iya canza su a yini guda. Fuskar motar shiga ta canza a 1967 zuwa mai faɗi ta alminiyom, ta sake canzawa a 1974 zuwa baƙar roba, amma duk wanda ya dogara da fuska kaɗai wajen faɗin shekarun irin wannan mota, kamar mai ƙiyasta shekarun mace ne da ɗankwalinta. Shaidar gaskiya tana ƙarƙashin murfin inji: 'yan farantan ƙarfe biyu, ɗaya mai siffar ƙwai, ɗaya mai kusurwa huɗu irin tambarin kamfanin. A kansu aka buga nau'in motar da lambarta. Motocin shiga lambar nau'insu da R 112 take farawa, gajerun masu akwati da yawa da R 210, doguwar nan mai babban inji kuma R 2370. Shi ma injin yana da nasa farantin a jikinsa: 680 na nufin siisii 747, 839 na nufin 782, 800 na nufin 845, 688 kuma 1108. Motocin da aka yi daga farkon shekarun 1980 su ne ke ɗauke da doguwar lambar nan mai harufa da alƙaluma 17, wadda a Renault ɗin Faransa take farawa da VF1.

Na sa kananzir da tsohon burushin haƙori na wanke farantan nan. Lambar ta fito da R 210 a gaba, kuma ta yi daidai da wadda ke cikin takardar motar da na tono a adakar tsoho. Farantin inji ya ce 800. Giyarta 4 ce, alhali na farko 3 gare su har zuwa wajen ƙarshen shekarun 1960. Lantarkinta bolt 12 ne, na farko kuwa 6 ne. Ba ta da doguwar lamba mai 17. Da na haɗa waɗannan sai ta tabbata 'yar shekarun 1970 ce. Wannan ya rushe wani labari da muka taso da shi a gida, cewa wai motar tun zamanin samun 'yancin kai take, har wasu na cewa wani babban Bature ne ya shigo da ita. Nijar ta samu 'yanci a 1960, ita kuwa Renault 4 ko haihuwarta ba a yi ba sai 1961. Na ji zafin rasa labarin, amma abin da na samu a madadinsa ya fi shi. Da muka bi fenti a hankali da samfefa, a ƙarƙashin farin da tsoho ya shafa sai ga launin ma'aikatar da ta fara mallakarta, har da inuwar rubutu a gefen akwati. Ƙofar direba shuɗiya ce daga ciki, wato daga wata motar aka ciro ta. Daɓen akwatin ya lotsa daidai inda ake jibge buhunan fulawa. Ban bari an buge wannan lotsawar ba, kuma ba zan bari ba.

Yanzu ga mutum na biyu. Ana cikin aiki sai ga wani dillali ya zo, ya ce ya ji labarin motar. Ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, ka san Turawa na son irin waɗannan, amma na farko-farko suka fi daraja. Ina da farantin wata ta farkon shekarun 1960 da aka yanka. Mu cire naka mu buga wannan, mu nemo tsohuwar fuska mu sa, a cike ramukan tsatsa da bodifila, a yi fenti. Wa zai sani?" Na ce masa ni zan sani. Ya tafi yana mamakin wautata.

To jama'a, a kira abin nan da sunansa. Wanda ya cire farantin mota ya buga na wata, bambancinsa da mai buga takardar fili ta jabu kaɗan ne. Ya cuci mai saye, ya jefa shi cikin rigima da hukuma ranar da aka gwada lamba da takarda, sannan ya kashe motoci biyu a lokaci guda: wadda aka sace sunanta da wadda aka shafe nata. Haka shi ma mai cusa bodifila a inda tsatsa ta cinye ƙarfe. Irin wannan mota a bayan shasi tsatsa ta fi kama ta, wajen da ƙafafun baya suke ɗaure. Maganin wurin shi ne a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a yi waldar sabo. Wanda ya shafe shi da ƙulli ya fesa baƙin fenti ya haƙa wa wani kabari ne, domin ranar da aka yi mata lodi aka faɗa rami, ƙafar za ta rabu da motar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa wani ya rasa ransa.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa. Za a ce almubazzaranci ne mutum ya zuba kuɗi a tsohon ƙarfe a lokacin da buhun gero ke gagarar magidanta. Wannan magana tana da nauyi, ban kuma raina ta ba. Amsata ita ce ban ci bashi ba, ban tauye haƙƙin iyalina ba, kuma kuɗin nan aljihun mai walda da mai ɗinkin kujera da mai gyaran waya suka shiga, a cikin garinmu. Yara biyu a garejin nan sun koyi abin da ba su sani ba daga bakin dattijon da kowa ya manta da shi. Abin mamaki, mutanen da ke kiran wannan almubazzaranci ba sa cewa uffan idan aka ƙone ninkinsa a dinar biki ta dare ɗaya.

Za a kuma ce ai talauci ne ke sa bakanikenmu haɗa wannan da wancan, da ba don dabararsu ba da motocin nan ba su kai ko'ina ba. Wannan gaskiya ce tsantsa. Shi kansa tsohonmu ƙofar wata motar ya sa, kuma na sami waya ɗaure a inda ya kamata a ga noti. Ban ga laifinsa ba, mai neman abincin 'ya'ya ba ya jiran kaya daga Faransa. Dabarar da larura ta haifar abin alfahari ce, ni ma na bar shuɗiyar ƙofar a inda take. Abin da nake yaƙi da shi shi ne ɓoyewa. Ka canza abin da za ka canza, amma ka faɗa, ka rubuta, ka bar farantin a wurinsa. Su ma 'yan gwangwan sana'a suke yi, suna kuma tsabtace gari, ba kowace mota ce za a ajiye ba. Laifin na mai kiran su ne tun kafin ya ɗaga murfin inji ya duba abin da yake shirin sayarwa.

'Yan uwana na Nijeriya kada su ce wannan matsalar mutanen Maraɗi ce. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna. A-kori-kura nawa ƙirar 404 da 504 suka yi jigilar hatsi da tumatir da amare tsakanin Funtuwa da Zariya da Kano? Yau guda nawa suka rage da farantinsu da takardunsu? A gidan tarihi na ƙasa da ke Legas an adana marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976, kuma daidai ne a adana ta. A gidan tarihi na Yamai an adana busasshen itacen nan na hamadar Tenere da wata babbar mota ta kayar a 1973. Ashe mun iya ajiya idan mun ga dama. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne cewa kayan aikin talaka ma tarihi ne. Muna rubuta littattafai a kan sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma motar da ta ciyar da gida goma sai mu auna ta a sikeli. Can inda aka ƙera ta kuwa, tun ƙarshen shekarun 1990 ɗalibai ke gyara tsofaffin Renault 4 suna tuƙa su zuwa Maroko da kayan makaranta, har kamfanin ya dawo da sunan a kan wata sabuwar mota mai lantarki a 2025. Saboda masu sha'awar nan ne har yau ake samun kayan gyaranta sababbi. Su sun san da tsohuwar zuma ake magani, mu da muka yi karin maganar mun manta.

Ba abu mai yawa nake roƙo ba. Duk wanda ya gaji tsohuwar mota, kafin ya yanke shawara ya wanke farantinta ya ɗauki hotonsa, ya nemo takardunta, ya tambayi dattawan gida inda aka saye ta da abin da ta yi. In zai gyara, ya nemi wanda ya san irinta tun kafin a kunna wuta, ya kuma ajiye duk abin da aka cire. In ya ga ba zai iya ba, ya yi cigiyar mai so kafin ya kira mai sikeli. Bakanike kuma da ya ga abin da bai gane ba ya ce bai gane ba, wannan ba ya rage masa daraja. Dattawan garejin da suka san waɗannan motoci suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, a je a zauna da su tun suna iya magana.

Motar tsoho ba ta gama haɗuwa ba tukuna. An yi waldar shasi, an gyara birki, saura wayoyi da kujeru. Amma injin nan mai lamba 800 ya tashi, bayan an kwance shi an sa masa sababbin ringi. Ranar da ya tashi na aika aka kira Yaya. Ya zo ya tsaya a bakin gareji hannunsa a baya, ya daɗe yana saurare bai ce komai ba. Can sai ya buɗe ƙofar baya ya shafa lotsawar nan, ya ce a nan yake zama a kan buhu idan za su Ɗan Isa, ƙafarsa ba ta ma kai ƙasa. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Ya dai tambaye ni ko za a bar farin fentin yadda Baba ya yi shi. Na ce za a bari.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu gama da duniya lafiya. Wassalam.